Yadda ake gina gashi da kitso a kan surar mutum a manhajar Blender

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon ƙera surar mutane ta 3D, wato mai tsawo da faɗi da kauri, a manhajar Blender, kuma fuska da jiki sun fara fitowa yadda nake so, amma gashi ya gagare ni. Ina son in yi wa wata yarinya kitson shuku, in kuma yi wa yayanta suma irin tamu wadda aka bari ta taru. Idan na ƙara yawan gashin sai kwamfutar ta tsaya cak, idan na rage sai ya fito kamar an kifa musu hular roba. Shin sai na sayi babbar kwamfuta ne, ko kuwa akwai abin da ban gane ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babbar kwamfuta za ta rage maka zaman jira, amma ba za ta gyara kamannin gashin ba, domin matsalarka ta tsari ce, ba ta yawan sili ba. Kan ɗan Adam yana ɗauke da sili kimanin 100,000, kuma babu mai sana'ar nan da yake zama ya jera su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake yi shi ne a shimfiɗa 'yan silin jagora, a taje su da hannu har siffar ta zauna, sa'annan a bar manhaja ta cike tsakaninsu. Ko a Pixar, kamfanin da ke yin finafinan zane na kwamfuta, haka aka yi wa Merida, tauraruwar fim ɗin Brave na 2012: an sassaƙa curin gashi kimanin 1,500 da hannu, su ne suka haifar da sili wajen 111,700. Saboda haka ka fara da jagorori ɗari biyu ko uku, ka saita manhajar ta nuna maka kaɗan daga cikin ciko a lokacin aiki, ka bar cikakken adadin sai lokacin fitar da hoto. Wannan kaɗai yakan kawar da yawancin tsayawar da kake kuka da ita.

Kafin komai ka tabbatar kan da ka ƙera yana da girman kan mutum na gaske a ma'aunin manhajar, domin kaurin silin gashi bai cika kaiwa kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kuma idan ma'aunin ya karkace to kauri da haske duk za su karkace tare da shi. Daga nan ka kwafi fatar kai ka mayar da ita wani abu dabam wanda gashin zai tsiro a kansa, ka shafa mata launi mai duhu a inda suma take da yawa, ka kuma zana taswirar da za ta nuna inda gashi yake da cika da inda yake shara-shara. Goshi da saje da ƙeya su ne suke tona asirin mai koyo, domin a kan mutum gashi ba ya farawa da layi guda mai kaifi, a hankali yake sirancewa yana gajercewa har ya ɓace a fata. Ina ba ka shawarar ka yi amfani da sabon tsarin gashi da ya shigo a Blender 3.3 a shekarar 2022, wanda aka ƙara masa shiryayyun kayan aiki na curewa da murɗawa da tufkewa a 3.5, maimakon tsohon tsarin da yawancin darussan bidiyo suke koyarwa.

Batun sumar yaron shi ne ya fi bukatar bayani, kuma a nan ba laifinka ba ne kacokan. Binciken da aka gina waɗannan kayan aiki a kansa, tun daga aikin masu bincike Kajiya da Kay na 1989 har zuwa na Marschner da abokansa na 2003, ya fi karkata ga gashin dabba da miƙaƙƙen gashin mutum, shi ya sa maɓallin murɗawa yake ba ka lanƙwasa iri ɗaya tun daga tushe har baki, alhali gashinmu ba haka yake ba. A shekarar 2024 wasu masu bincike, ciki har da Theodore Kim na Jami'ar Yale da A.M. Darke wadda ta kafa Open Source Afro Hair Library, wata taskar surorin gashin baƙar fata na 3D a intanet, suka wallafa aikin da ya fayyace halaye uku na murɗaɗɗen gashi. Kusa da fatar kai kowane sili hanyarsa yake bi, sai a can gaba suke haɗuwa su zama curi guda mai murɗawa tare. Curin kuma yakan yi ta juyawa dama, sai ya karye ya koma hagu a tsakiyar tafiya. Sa'annan wasu silin sukan fice daga curin, su tsallake zagaye ɗaya ko biyu, su sake komawa ciki, kuma wannan ficewar ita ce take ba sumar laushi da kumburin da ido ya saba gani. Idan ka fahimci waɗannan za ka iya kusantar su da kayan da kake da su: ka sa curewa ta yi rauni a tushe ta ƙarfafa a baki, ka raba gashin gida biyu ko uku masu faɗin murɗi dabam-dabam, wasu su juya dama wasu hagu, ka kuma ware kaɗan daga silin ka yamutsa su sosai ba tare da ka cure su ba.

Akwai tsada a wannan, kuma ya kamata ka san daga inda take. Manhajar tana zana kowane sili ne ta hanyar haɗa ɗigo da ɗigo. Miƙaƙƙen sili yana iya wadatuwa da ɗigo takwas ko goma a tsawonsa, amma murɗaɗɗe yana bukatar ɗigo shida zuwa takwas a kowane zagaye kafin ya daina nuna kusurwa, don haka sili guda mai zagaye goma sha biyar yana cin ma'ajiyar kwamfuta daidai da wadda miƙaƙƙu goma za su ci. Dabarar da na fi amincewa da ita ga mai ƙaramar kwamfuta ita ce ya ƙera dunƙulen siffar sumar a ciki, ya ba shi launi mai duhu marar sheƙi, sa'annan ya tsiro da gajeren murɗaɗɗen gashi a jikinsa ta waje kawai. Ido ba ya ratsa cikakkiyar suma ya ga tsakiyarta, saboda haka babu dalilin da zai sa kwamfutarka ta lissafa abin da ba za a gani ba.

Kitso kuwa ya fi suma sauƙi, muddin ka lura da yadda makitsiya take yinsa. Kayan tufkewa da ke cikin Blender jela yake bayarwa mai reto, ta igiya uku, alhali shuku a manne yake da kai, kuma makitsiya tana tafiya ne tana tsinto gashi daga dama da hagu tana shigar da shi cikin tufkar har ta kai tsakiyar kai. Ka fara da zana tsagar a fatar kai, ka bar ta da launin fata, domin tsaga ita ce take bayyana fasalin kitson tun daga nesa. Ka ja layi a tsakiyar kowane zane daga goshi ko ƙeya zuwa inda za su haɗu, ka ɗora tufkar a kansa, siririya a farko tana ƙara kauri yayin da take tattara gashi. Sai abin da mutane da yawa suke mantawa, wato gajerun silin da suke tashi daga bakin tsaga, a miƙe kuma a ɗame, su nutse ƙarƙashin tufkar a karkace. Idan babu su, kitson zai zama kamar an aza shi ne a kan sanƙo. A ƙarshe ka watsa 'yan ƙananan sili da suka kufce a jikin tufkar da bakin goshi, domin ko sabon kitso ba ya rasa su. Ka nemi hotunan kitso na gaske ta gaba da gefe da sama, ko ma ka zauna ka kalli yadda ake yi, domin wannan zai amfane ka fiye da darussa masu yawa.

Kamannin roba da ka ambata rabinsa daga haske yake. Silin gashi yana mayar da wani haske tun daga jikinsa na waje, wani ya ratsa shi ya fita, wani kuma ya shiga ya dawo ɗauke da launi. A baƙin gashi sinadarin melanin, wanda shi ke ba gashi duhu, yana shanye kusan duk wanda ya shiga, don haka sheƙin waje shi ne kusan abin da ake gani. Kada ka shafa wa gashin baƙin fenti irin wanda ake sa wa tufa ko takalmi. Ka yi amfani da Principled Hair BSDF, wato kayan aikin da ke ba gashi launi da sheƙi, a Cycles, injin fitar da hoto na Blender, ka ɗaga melanin ya kusa ƙurewa ba tare da ya ƙure ba, ka ƙara kaushi don sheƙin ya bazu, ka bar ɗan bambancin launi tsakanin sili da sili. Tun daga Blender 4.0 akwai a cikinsa wani zaɓi mai suna Huang wanda yake ba da damar a mayar da silin mai ɗan faɗi maimakon zagayayye, kuma haka silin murɗaɗɗen gashi yake a zahiri. Ka kuma ajiye fitila ɗaya ta baya ko ta gefe, domin baƙar sumar da aka haska ta gaba kawai dunƙule take zama.

Idan surar za ta yi motsi, kitson da ke manne da kai ba ya bukatar a lissafa masa kaɗawa, bin fatar kai kawai zai yi, jelar da ta sauko ita ce za ka sa wa 'yan ƙasusuwa, wato sandunan da ake motsa sura da su a manhajar, ka motsa ta da hannu. Idan kuma wasan kwamfuta ko na waya kake nufi, to duk wannan aikin mataki ne na farko, domin daga baya za ka ɗauki hoton silin ka liƙa shi a kan siraran katuna masu gefe garai-garai, tufkar kuma ka mayar da ita dunƙulalliyar siffa mai ƙarancin fuskoki, wato ƙananan falayen da ake harhaɗa jikin sura da su, ka bar zanen da ke kanta ya nuna silin.