Me Ya Sa Ba Ma Kwafe Lambar Tabarau Mu Ba Mutum Kwantak?

Ka tambaye ni abu biyu, ɗana. Na farko, tunda mutum ya zo da takardar tabarau kuma lambarsa na rubuce, me ya hana mu ɗauko kwantak mai laushi, wato ɗan faifan roba da ake ɗorawa a kan ido maimakon tabarau, mai wannan lamba mu miƙa masa? Na biyu, idan kwalin ya ce ana iya kwana da shi, don me nake cewa a cire kafin barci? Amsarsu ɗaya ce. Tabarau a kan hanci yake zaune, shi kuwa kwantak a kan tsoka mai rai yake kwance, wato koniya, fatar nan garai-garai da ta rufe baƙin ido.

Fara da lamba. Tsakanin tabarau da ido akwai tazarar kusan milimita 12, kwantak kuwa ba shi da ita. Idan lambar ba ta kai 4.00 ba, bambancin bai taka kara ya karya ba. Da ta wuce haka sai lissafi. Mai rashin ganin nesa da ke sa tabarau -6.00, kwantak ɗinsa -5.50 ne, mai -10.00 kuma -9.00. A ɓangaren lamba mai alamar ƙari (+) abin juyawa yake yi, +8.00 ya koma +8.75. Ka kwafe -10.00 yadda take, ka ba mutum ƙarfin da ya fi idonsa, ya dawo maka da ciwon kai da gajiya wajen karatu.

Sai zama. Galibin masu laushi lanƙwasarsu tsakanin milimita 8.3 da 9.0 take, faɗinsu milimita 13.8 zuwa 14.5. Faɗin baƙin idon babban mutum kusan milimita 12 ne, ana son kwantak ya rufe shi ya zarce da kamar milimita ɗaya kowane gefe. Ƙaramar lamba a lanƙwasa ta fi matsewa, wato 8.4 ya fi 8.8 kama ido. Amma kada ka dogara da abin da ke jikin kwali, domin 8.6 na kamfani kaza ba lallai ya zauna kamar 8.6 na wani ba. Sa masa na gwaji, ka bar shi minti 10 zuwa 15, sannan ka duba a fitilar duba ido. Ka ce ya ƙifta. Motsin da ake so kaɗan ne, tsakanin milimita 0.2 da 0.5. Ka tura shi sama da fatar ido ta ƙasa: ana so ya tafi ba gardama, ya dawo mazauninsa a hankali.

A nan masu koyo suke faɗawa rami. Wanda ya yi sako-sako ba ya ɓuya, mutum zai ji gefensa na sukarsa, gani ya dushe da zarar ya ƙifta. Wanda ya matse shi ne macuci, domin da farko daɗi yake yi, mutum ya ce maka ai ko jin sa ba ya yi. Bayan sa'o'i hawaye ya kasa zagayawa ƙarƙashinsa, datti ya taru, ja ya kewaye baƙin ido, idan an cire ka ga shatinsa a farin ido. Alamarsa ita ce gani ya washe daidai lokacin ƙiftawa, sannan ya sake dushewa. Saboda haka “ina jin daɗinsa” ba hujja ba ce, idonka ne zai yanke hukunci.

Idan takardar na da lambar silinda 0.75 ko sama, wato gyaran idon da lanƙwasarsa ba ɗaya ba ce ta kowane gefe, nemi irin wanda aka yi don haka. Yana da ɗan zane a ƙasa da ke nuna ko ya juya. Ya karkata hagunka, ka ƙara digirin karkatar a kan kusurwar silindar da ke takardar. Ya karkata dama, ka rage. Kusurwa 90 da zanenta ya juya digiri 10 hagu, 100 za ka rubuta.

Yanzu batun kwana. Koniya ba ta da jijiyoyin jini, daga iska take samun oksijin ta cikin hawaye. Ko ba komai a ido, tana kumbura kusan kashi 4 cikin 100 a barcin dare. Kwantak mai laushi na farko, wanda masanin kimiyya Otto Wichterle ya ƙera a birnin Prag a 1961, Amurka kuma ta amince a sayar da irinsa a 1971, ruwan da ke jikinsa ne kawai ke wuce da iska, kuma bai isa ba idan ido na rufe. A 1984 wasu masu bincike, Holden da Mertz, suka auna a Ostireliya, suka ce dole ma'aunin wucewar oksijin ya kai 24 don sawa da rana, 87 don kwana. Sai wajen 1999 da kwantak masu haɗin silikon suka fito aka haye wannan lamba, kowa ya ɗauka an gama da matsalar.

Ba a gama ba. Binciken da aka buga a Amurka a 1989 ya nuna gyambon koniya na kama kusan mutum 4 cikin 10,000 a shekara a masu cirewa da dare, kusan 21 a masu kwana da shi. Da Fiona Stapleton da abokan aikinta suka sake ƙirgawa a Ostireliya, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna kusan 2 a masu cirewa, kusan 20 a masu kwana da tsohon samfuri, kusan 25 a masu kwana da na silikon. Ka ga silikon ya magance kumburi, bai taɓa ƙwayoyin cuta ba. Ido a rufe, da ɗumi, ba ƙiftawar da za ta wanke shi, nan ƙwayar Pseudomonas ke samun wuri, kuma tana iya cinye koniya cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin da kwali ke nufi shi ne hukuma ta yarda, ba wai babu haɗari ba.

Kafin mutum ya fita, ka koya masa da hannunsa, ba da baki kawai ba. Ya wanke hannu da sabulu ya tsane sarai. Ya murza kwantak a tafin hannu da ruwan maganinsa, ya ɗauraye, ko da kwalbar ta ce ba sai an murza ba. Ya zubar da tsohon ruwan mazubin ajiye kwantak kullum, kada ya yi masa ciko, ya kife mazubin ya bushe, ya canza shi duk wata uku. Mai amfani da ruwan feroksaid, wani maganin wanki mai ƙarfi, ya bar kwantak ɗin aƙalla sa'a 6 a mazubinsa na musamman, in ba haka ba ido zai yi raɗaɗi kamar an zuba barkono.

Ruwan famfo, na rijiya, har na leda, duk haramun ne ga kwantak, saboda wata ƙwaya, Acanthamoeba, mai wuyar magani ƙwarai. Mutanenmu na alwala sau biyar a rana, don haka dole ka yi wannan magana: ya runtse ido sosai wajen wanke fuska, kuma kada ya taɓa kwantak da jiƙaƙƙen hannu. Wanka kuwa ya cire. Mata su sa kwantak kafin kwalliya, su guji zizara kwalli a cikin gefen fatar ido. Lokacin hunturu da ƙura, wanda ake yarwa kullum ya fi, idan aljihu zai ɗauka.

Duk wanda ya dawo da jan ido, zafi, ƙin haske, ko ka hango farin ɗigo a baƙin idonsa, cire kwantak nan take. Kada ka rufe idon da bandeji, kada ka ba shi maganin ɗigawa mai sitiroyid, yana rura cutar. Haɗa shi da likitan ido a ranar, ya tafi da kwantak ɗin da mazubinsa, domin daga jikinsu ake iya gano ƙwayar da ta kama shi.