Na kasa cika alkawarin baikon shekara, in ci bashi?

Tambaya: Baba Fasto, sannu da aiki. A farkon shekara na rubuta a katin alkawari abin da zan ba ikilisiyarmu, ban da zakkar da nake fitarwa duk wata. A tsakiyar shekara aka sallami maigidana daga aiki, yanzu ni kaɗai ke riƙe da gida da yara uku. Rabi kawai na iya biya, ga shekara ta kusa ƙarewa. Wani mai wa'azi da aka gayyato ya ce wanda bai cika alkawari ba yana ƙarƙashin la'ana, ya ce in ci bashi in "shuka iri", wato in ba da kuɗin baiko, Allah zai mayar mini riɓi ɗari. Tun ranar ba na barci. In ci bashin?

Amsa: 'Yata, kada ki ci bashin nan. Ki kwantar da hankalinki.

Alkawari ba abin wasa ba ne, ba zan ɓoye miki ba. Mai-Wa'azi 5:5 ya ce gara mutum bai yi wa'adi ba da ya yi bai cika ba. Amma ƙin cikawa daban, kasa cikawa daban. Shari'ar Musa ma ta san da haka: a Littafin Firistoci 27:8, wanda ya yi wa'adi kuma talauci ya hana shi biyan abin da aka ƙayyade, firist ne yake yanka masa daidai ƙarfinsa. Dubi kuma ikilisiyar Koranti. Sun ɗauki niyyar tara gudummawa domin matalautan 'yan'uwa na Urushalima, shekara ta zagayo ba su gama ba. Bulus bai ja musu la'ana ba. A 2 Korantiyawa 8:11-12 ya ce su ƙarasa daga abin da ke hannunsu, domin in akwai niyya, ana karɓa gwargwadon abin da mutum yake da shi. Kin ji ko? Abin da yake da shi, ba na hannun mai ba da bashi ba.

Yanzu bari mu zo kan "shuka iri", domin maganar nan ta ishe ni. Da wuya mako ya wuce ban zauna da wanda ta jefa cikin wahala ba. Na taɓa zama da wani tela da ya sayar da keken ɗinkinsa ya kai kuɗin gaban bagade, an ce masa cikin kwana arba'in zai ga abin mamaki. Ya zo ofishina bayan wata uku, ya zauna a bakin benci yana murza hannuwansa, ya kasa ɗaga kai. Ba asarar keken ce ta fi damunsa ba. Tambayarsa ita ce wane zunubi ya yi da Allah ya ƙi karɓar irinsa. Ɓarnar ke nan: a kwashe wa mutum abin sana'a, sannan a bar shi yana zargin kansa da Ubangijinsa. Shi kuwa mai wa'azin tuni ya wuce wani taron.

Riɓi ɗarin da suke ambata daga Markus 10:29-30 suka ɗauko shi. Ki buɗe ki karanta da kanki. Yesu yana magana ne kan waɗanda suka bar gida da dangi da gonaki saboda shi da bishara, kuma a cikin ayar ya haɗa har da tsanani. Ban taɓa jin mai neman iri ya karanta wannan guntun ba. Malachi 3 da suke razana mutane da shi, an faɗa wa al'ummar Isra'ila ne a kan zakkar da suka hana, har abinci ya ƙare a Haikali. Ba a rubuta shi domin a tsorata uwar da ke lissafin kuɗin makarantar 'ya'yanta ba. Suna kuma kawo gwauruwar nan ta Markus 12 da ta zuba anini biyu, duk abin da take da shi, a baitulmalin Haikali, amma sukan tsallake aya ta 40, inda Yesu ya tsawata wa malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Gwauruwar ma nata ta bayar, ba rance ta ciwo ba.

Wanda ya ce miki alherin Allah yana da farashi, ki tuna da Siman na Samariya a Ayyukan Manzanni 8. Ya miƙa kuɗi yana so ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa ya hallaka tare da kuɗinsa. Kuma 1 Timoti 5:8 bai yi sassauci ba ga wanda ya bar iyalinsa ba kulawa. Abincin yaran nan uku hakki ne a wuyanki.

Kada wani ya ɗauka ina hana bayarwa. Da baikon shekara ake tsara albashin ma'aikata, gyaran rufin majami'a, aikin bishara da taimakon marasa lafiya, ma'aji kuma yana dogara da katunan nan wajen kasafi. Shi ya sa bai kamata ki yi shiru ki riƙa zama a kujerar baya kina guje masa ba. Ku je tare da maigidanki ku sami ma'aji ko ɗaya daga cikin dattawa, ki ce ga abin da ya faru, ga abin da zan iya kafin ƙarshen shekara. A gyara katin. Baɗi kuma ki yi alkawarin kashi kaza na abin da ke shigo miki maimakon dunƙulallen adadi, ki riƙa ware shi kaɗan-kaɗan kowane mako yadda 1 Korantiyawa 16:2 ya nuna. In samu ya ragu, alkawarin ya ragu tare da shi.

In kin je, ki faɗa wa dattawan cewa maigidanki yana neman aiki, gida kuma yana cikin matsi. Ki faɗa ba kunya. A cikin kuɗin da kika shekara kina zubawa akwai kason da ake warewa domin gidaje irin naki.