Tambaya da Amsa: Fitar da makulli daga kalmar sirri

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ina koyon Python, kuma ina haɗa ƴar manhaja da za ta riƙa ɓoye fayil da AES, wato tsarin rufe bayanai da makulli. Abin da na yi shi ne mutum ya rubuta kalmar sirrinsa sai in sa ta cikin SHA-256, ta fito da bayit 32, shikenan na samu makulli. Kuma yana aiki lafiya lau, yana rufewa yana buɗewa. Amma wani abokina ya ce wai kuskure ne babba. Toh ina kuskuren tunda yana aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya yi gaskiya, ka riƙe shi da kyau. Matsalar wannan fannin ita ce kod mai rauni da kod mai ƙarfi duk suna rufewa suna buɗewa iri ɗaya, ba za ka taɓa ganin bambanci a kan allonka ba sai ranar da fayil ɗin ya shiga hannun wani.

SHA-256 fonshon hash ne, wato lissafin da ke mayar da kowane rubutu tambari mai tsayi ɗaya wanda ba a iya juya shi baya, an gina shi ne ya yi sauri, kuma saurin nan shi ne yake cutar da kai a nan. Wanda ya sace fayil ɗin ba zai tsaya yana kokawa da AES ba don ya san ba zai iya ba, kalmar sirrin zai riƙa cinka, ya gwada suna da shekarar haihuwa da jerin kalmomin da aka sato daga wasu shafuka, kuma katin GPU (katin hoto na kwamfuta) guda ɗaya na zamani yana lissafa SHA-256 sau biliyoyi a cikin daƙiƙa. Bayit 32 ɗin da ka samu tsayi ne kawai, ƙarfinsa bai wuce ƙarfin kalmar da mutumin ya zaɓa ba. Sannan ba ka sa gishiri ba, wato bayit na bazata da ake haɗawa da kalmar sirri kafin lissafi, abin da za ka gani an rubuta salt a cikin laburare, don haka mutum biyu masu kalmar sirri ɗaya makullinsu ɗaya ne, kuma ɓarawo zai iya lissafa teburi sau ɗaya ya yi ta amfani da shi a kan kowa. Irin haka ta faru da LinkedIn a 2012, an fitar da hash na kalmomin sirri kusan miliyan 6.5 da aka ajiye da SHA-1 ba gishiri, masu fasawa suka yi ta warware su cikin kwanaki.

Abin da kake buƙata shi ne fonshon da aka gina da gangan don ya ci lokaci. A Python ba sai ka sauke komai ba, hashlib.pbkdf2_hmac yana nan, yana karɓar sunan hash da kalmar sirri da gishiri da yawan zagaye (sau nawa za a maimaita lissafin) da tsayin makullin da kake so. Gishirin ka ciro shi daga os.urandom, bayit 16, sabo ga kowane fayil, kar ka rubuta shi a cikin kod ya zama ɗaya ga kowa. Kuma gishiri ba sirri ba ne, ka ajiye shi a farkon fayil ɗin a fili, in ka ɓatar da shi makullin ba zai sake fitowa ba har abada.

Yawan zagaye nan ne mutane suka fi sakaci. PBKDF2, wato fonshon da hashlib.pbkdf2_hmac ke aiwatarwa, ya fito a takardar ƙa'ida ta RFC 2898 tun shekarar 2000, lokacin an ce zagaye 1,000 a matsayin mafi ƙaranci, kuma har yau za ka ga tsofaffin misalai a intanet da wannan lambar ana ta kwafa. Shawarar OWASP, ƙungiyar da ke aiki kan tsaron manhajoji, ga PBKDF2 mai SHA-256 zagaye 600,000 ne. Kai za ka jira ƙasa da daƙiƙa ɗaya sau ɗaya lokacin buɗe fayil, shi kuma mai cinke zai biya wannan farashin a kan kowace kalma da ya gwada.

Amma in ka tambaye ni, sabon aiki da Argon2id, wani nau'in fonshon Argon2, zan fara. PBKDF2 lokaci kawai yake ci, ba ya cin memori, don haka GPU na iya jera dubban gwaji a lokaci guda. Colin Percival ya fito da scrypt a 2009 don ya toshe wannan ƙofar ta hanyar tilasta cin memori, shi ma yana cikin hashlib, sai Argon2 ya ci gasar fitar da sabon tsarin hash na kalmar sirri a 2015, aka rubuta shi a RFC 9106 a 2021. A wannan takardar akwai saitin da ya dace da na'ura mai ƙaramin memori, megabayit 64, zagaye 3, layi 4. In kana amfani da laburaren libsodium kuwa crypto_pwhash ya riga ya zo da matakai da aka tsara, ka zaɓi ɗaya kawai.

Abu na ƙarshe da nake roƙonka da shi, duk saitin da ka zaɓa ka rubuta shi tare da gishirin a cikin fayil, sunan fonshon da zagaye da memori. Wata rana za ka so ka ƙara ƙarfi, in ba ka ajiye ba tsofaffin fayilolin mutane sun rufe ke nan.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina da manhajar Android da Java, sabar kuma Python ce. Kalmar sirri ɗaya gishiri ɗaya zagaye ɗaya amma makullin da ke fitowa daban daban, wlh na rasa inda matsalar take.

Amsa: Barka kadai ƴar'uwa, ki kwantar da hankalinki, PBKDF2 lissafi ne tsayayye, in abin da ya fito ya bambanta toh abin da ya shiga ne ya bambanta. Fara da tsayi. PBEKeySpec na Java yana ƙirga tsayin makulli da bit, za ki rubuta 256, shi kuma dklen na Python da bayit yake ƙirgawa, 32. Haka deriveBits na birauza bit ne, crypto.pbkdf2 na Node kuma bayit. Daga nan ki duba hash ɗin da ke ciki, misalai da yawa na Java PBKDF2WithHmacSHA1 suke ɗauke da shi alhali a Python kin rubuta sha256, ki tabbatar PBKDF2WithHmacSHA256 ne.

Wanda na fi zargi shi ne gishirin. In kin tura shi a matsayin rubutun hex ko Base64, dole ɗaya ɓangaren ya mayar da shi bayit kafin ya miƙa wa fonshon, in ba haka ba haruffan rubutun ne, 32 in hex ne ko 24 in Base64 ne, za su shiga a madadin bayit 16 na asali, kuma ba wani kuskure da zai fito, makulli zai fito abinsa amma wani daban. Kalmar sirrin ma ki tabbatar UTF-8 ce a duka biyun, musamman da yake masu amfani da manhajarki za su iya sa ƙ ko ɗ ko ɓ a ciki. Hanya mafi sauri, ki buga gishiri da kalmar gwaji a hex dab da kiran fonshon a kowane ɓangare ki kwatanta da ido, amma da kalmar gwaji kawai fa, kuma ki goge layin bugawar kafin ki saki manhajar.

Tambaya: Na yi musayar makulli da X25519, tsarin da ɓangarori biyu ke amincewa da sirri ɗaya ta intanet, na samu sirrin da muka yi tarayya a kai. In sa shi a Argon2 don ya ƙara ƙarfi, ko in ba AES kai tsaye?

Amsa: Duka biyun a'a, ɗan'uwa. Argon2 magani ne na kalmar da ɗan Adam ya zaɓa, wannan sirrin kuwa ba mai iya cinkarsa, jinkirin ba zai ƙara maka komai ba sai cin batir. Kai tsaye kuma bai dace ba saboda abin da X25519 ke fitarwa yana da tsarin lissafi a jikinsa, bai baje daidai kamar yadda makulli ke buƙata ba. Aikin HKDF ke nan, wanda Hugo Krawczyk ya tsara, RFC 5869 na 2010, kuma shi TLS 1.3, tsarin da ke kare haɗinka da shafuka masu tsaro, ke amfani da shi. Mataki biyu gare shi, na farko ya tace sirrin ya zama makulli uwa, na biyu ya fitar maka da ƴaƴa gwargwadon buƙata.

Gurbin da HKDF ke kira info, wanda mutane ke bari fanko, shi ne ya fi burge ni a cikinsa. Ka rubuta lakabi daban ga kowane aiki, ɗaya na saƙon da ke tafiya daga waya zuwa saba, ɗaya na mai dawowa, sai ka samu makullai biyu da in an gano ɗaya ba a gano ɗayan ba. A OpenSSL 3.0 za ka kira EVP_KDF_fetch da sunan HKDF sannan EVP_KDF_derive, a birauza kuma deriveKey na karɓarsa. Kar dai ka juya abin ka ba HKDF kalmar sirrin mutum, yana da sauri kamar SHA-256, za ka koma matsalar ɗalibin da ya yi tambayar farko.