Ƙanwata, kafin ki danna wancan fom ɗin na karatun nas

Salamu alaikum ƙanwata. Na ji saƙon muryarki tun shekaranjiya, aikin dare nake shi ya sa kika ji ni shiru, kuma na ga gara in rubuta miki a tsanake ki karanta ki maimaita, ki karanta wa Baba ma in ya dawo daga kasuwa. Kin ce bak ɗinki, jarrabawar gama sakandare, ya fito lafiya, Alhamdulillahi, kina son karatun nas a nan Ingila don ki zama mai bincike, amma fom ya tsare ki da tambaya, jinyar manya ko jinyar lafiyar ƙwaƙwalwa, kin rasa wanda za ki ɗauka.

Abin da ya rikita ki na gane shi, don mu a Kamaru ba haka muka saba ba. Wanda ya ci konkur, wato jarrabawar shiga makaranta, ya shiga IDE, karatun difloma ta nas ta gwamnati, shekara uku yake yana taɓa ko'ina, yau ɗakin haihuwa gobe tiyata jibi yara. A nan kuwa tun ranar farko an raba hanya huɗu, manya, yara, lafiyar ƙwaƙwalwa, da masu naƙasar koyo, kuma hukumar NMC da ke riƙe da rijistar nas a ɓangaren da kika karanta za ta rubuta sunanki. Sitaj, wato koyon aiki wajen marasa lafiya, shi kaɗai awa 2,300 ne, yawancinsa a ɓangaren da kika zaɓa za ki yi shi. Ana iya ƙara wani ɓangaren daga baya amma sai an koma makaranta, ga kuɗi ga lokaci.

Sannan kalmar bincike ɗin nan da kike faɗa, abu biyu ne fa. Akwai nas mai aikin bincike, irin nawa yanzu, wato wasu manyan likitoci ko jami'a sun tsara gwajin magani, ni ce zan nemo marasa lafiyan da suka dace, in zauna in yi musu bayani har su gane su sa hannu da yardarsu, in ɗebi jini, in manna lamba a kwalba, in kai firiza, in cika kwamfuta ba kuskuren ko harafi ɗaya. Akwai kuma nas da ita ce mai tambayar, ita ta tsara binciken da kanta, wannan sai an bi ta mastas har digirin digirgir. Na farkon ana shiga bayan an ɗan yi shekara ɗaya ko biyu a ɗakin marasa lafiya an yi ɗan kwas na GCP, wato ƙa'idojin gwajin magani a kan mutane, na biyun tafiya ce mai nisa, kuma ko wane ɓangare kika karanta ƙofar a buɗe take.

Gaskiya in guraben aiki ake magana jinyar manya ta fi yawa nesa ba kusa ba. Kansa, ciwon suga, zuciya, ƙoda, rigakafi, nan kamfanonin magani suke zuba kuɗinsu, kuma aikin hannu ne na jini da allura da ƙarin ruwa wanda ɗalibar manya take yi kullum. Ni a 2020 na fara sanin daɗinsa, lokacin korona, da gwajin RECOVERY da jami'ar Okosfod ta jagoranta. Ina tuna wani dattijo, abin numfashi a fuskarsa ni ma fuskata a rufe, da kyar yake jin muryata, sai da na rubuta masa bayanin da manyan baƙaƙe a takarda, ya karanta a hankali ya ɗaga min babban yatsa sannan ya sa hannu hannun na rawa. A watan Yuni na shekarar sakamako ya fito cewa dexamethasone, magani mai arha da ko a famasin Garwa akwai shi, yana rage mutuwar waɗanda ke kan injin numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wallahi ranar na yi kuka a ɗakin canza kaya.

Wani abin da ba a gaya wa yara shi ne takardar manya ta fi tafiya. Ƙasashe da yawa nas ɗaya suka sani, mai yin komai. Faransa ma tun 1992 ta daina horar da nas na masu taɓin hankali daban, ta haɗe su cikin difloma ɗaya, mu kuma kin san tsarinmu nasu ya biyo. In kika dawo gida da takardar ƙwaƙwalwa zalla za ki sha bayani a ofis-ofis kafin a san inda za a ajiye ki.

Amma kar ki ɗauka ina kore ki daga ɗayan ne, don ni zuciyata can take karkata duk lokacin da na tuna gida. Zazzaɓin cizon sauro yana da masu bincikensa, ga cibiyar bincike ta Centre Pasteur da reshe a Garwa, ga Kamaru ita ce ta fara saka rigakafinsa mai suna RTS,S cikin allurar yara ta yau da kullum a Janairun 2024. To wa yake zama da matan Kolofata da Fotokol da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba a rikicin Boko Haram, ko mutanen sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo da suke can tun 2013, ko samarinmu masu moto da tramol ya cinye? Kin tuna yaron maƙwabtanmu da aka ɗaure wa ƙafa a zaure, uwarsa na kai masa kunu tana share hawaye da bakin zane, ba mugunta ba ce, sun yi ruƙiyya sun yi rubutu kuma asibitin Jamot na Yawunde mai sashen masu taɓin hankali ya yi musu nisa, ba su da wani wajen. Irin wannan gidan nake nufi. Kuma ke kina da abin da Bature mai digiri uku ba shi da shi, kina jin Hausa kina jin Fulatanci kina jin Faransanci. Akwai wata takardar tambayoyi tara da ake auna damuwa da ita, PHQ-9, na taɓa gwada fassara ta ga wata baiwar Allah 'yar Nijar da aka kira ni in yi mata tafinta, na tambaye ta ko tana jin baƙin ciki ta ce a'a Alhamdulillahi, can da hira ta yi nisa sai ta ce "ƙirjina ne ke min nauyi, tunani ya hana ni barci". Kin ga amsar tana nan, tambayar ce ba ta zo da harshenta ba, kuma wannan kaɗai ya isa mutum ya yi digirin digirgir a kai. A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda kakanni mata ya horar suna zama kan benci a harabar asibiti suna sauraron mutane, aka gwada aka ga yana aiki, duniya ta ɗauka. Me zai hana a yi irinsa da goggonninmu a Marwa? Masu ce miki wai mai jinyar mahaukata ita ma taɓuwa take, ko ba za ta samu miji ba, ki bar su, abokan aikina na wannan ɓangaren suna cikin mafi natsuwar mutanen da na sani.

Maganar kuɗi kuma dole in faɗa miki ita tsirara. Ɗalibin waje kuɗin makarantarsa mai nauyi ne ƙwarai, kuma tallafin fam 5,000 a shekara da kika gani a intanet, da ƙarin 1,000 na masu karatun ƙwaƙwalwa, na 'yan gida ne, ba zai zo hannunki ba. Ba na son Baba ya sayar da shanu da fili a kan wannan. Ni da IDE ɗina na zo, na yi jarrabawar Turanci ta IELTS, ana son maki 7 amma rubutu 6.5 ya wadatar, na yi jarrabawar kwamfuta ta CBT sannan ta aikin hannu, OSCE, bayan na iso. Ki sani kuma Kamaru da Cadi suna cikin jerin ƙasashen da aka hana a je ɗibar ma'aikatan lafiya daga cikinsu, ke da kanki za ki iya neman aiki kai tsaye, amma duk ejan da ya ce ki biya shi zai kawo ki NHS, asibitocin gwamnati na nan, ki guje shi.

Don haka in ni ce ke, manya zan fara, ko IDE a gida wanda shi na fi so miki, in nemi sitaj a sashen masu taɓin hankali da gangan, in rubuta memuwa ɗina, kundin binciken ƙarshen karatu, a kan haka, sannan mastas in karkata can gaba ɗaya. Sai dai in kin tabbata a ranki cewa ba za ki iya shekara uku kina wankin ciwo da juya marasa lafiya alhali hankalinki na wani waje ba, to ki ɗauki ƙwaƙwalwar kai tsaye ki yi istihara, zan tsaya miki wajen su Inna.

Ki turo min makin Turancinki na bak da ranar rufe konkur na bana, ranar Lahadi ba ni da aiki zan kira bayan la'asar ɗinku. Ki gaida Inna da Baba, ki ce wa Goggo man zafin ƙafarta yana hanya.