Gidan Gandu A Kan Filin Gado: Kada Ka Tura Kuɗin Nan Tukuna

Wasiƙa: "Assalamu alaikum Malam. Shekarata 9 a Jamus, ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana babban fili a ƙauye, mu 7 ne magada, ba a raba ba. Burina in gina gida guda da zai ɗauki mahaifiyarmu da iyalan 'yan'uwana 3 da nawa, kusan mutum 20. Ina son gida mai sanyi, mai wutar sola, mai tara ruwan sama. Yayana ya haɗa ni da wani ɗan kwangila da ya turo min hotuna, ya ce in biya kashi 70 cikin 100 kafin a fara. Da na ce ginin ƙasa nake so, sai 'yan'uwa suka ce zan kunyata su. Yanzu kullum waya, ina kuɗi? Har na fara tunanin cin bashin banki, ko in ajiye aiki in je in tsaya kan ginin shekara guda. Barci ya gagare ni."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya saka maka da alheri a kan wannan niyya. Kada ka tura kuɗin nan, kada ka ci bashin nan, kada kuma ka ajiye aikinka. Bari in bi maka dalilan.

A duk wasiƙarka, inda na tsaya na sake karantawa shi ne wurin da ka ce filin ba a raba ba. Ku 7 ne, gidan kuwa na iyali 4 ne. Ina sauran ukun? Yau za su ce maka "ai babu komai, duk ɗaya muke", kuma da gaske suke. Amma bayan shekara 15, 'ya'yansu ne za su zo, su kuma ba su yi maka alkawarin komai ba. Duk tubalin da ka ɗora a ƙasar da ba a fitar da haƙƙin kowa ba, ka ɗora shi ne a kan rigimar da ba ta taso ba tukuna. Na ga gidan da aka kai shi har rufi, ɗaya daga cikin magada ya kai ƙara, aka hana taɓa ginin, damina huɗu ta zuba a kansa.

Don haka aikin farko na takarda ne. A raba gadon, kowa ya san kasonsa. Wanda ba zai zauna a gidan ba, ko a yanka masa nasa a gefe, ko a biya shi ya sa hannu gaban shaidu. Safiyo ya auna wurin da ya rage, ya kafa duwatsun iyaka, a yi rajista. Sannan lauya, wanda kai ka ɗauka ba wanda aka kawo maka ba, ya rubuta yarjejeniya tsakanin ku huɗu: wa ke da ƙasa, wa ke da gini, wane sashe ne na wa, me zai faru in ɗaya ya rasu ko ya so sayar da kasonsa, kuma wa zai biya in famfo ya ƙone ko batir ya mutu. A rubuta cewa mai son sayarwa sai ya fara tallata wa abokan zamansa. Takardar wakilcin da za ka bayar ta kasance mai iyaka: sunan filin, aikin da aka wakilta, ranar ƙarewa, da jimla ƙarara cewa wakili ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa. Ka sa hannu gaban notari, wato jami'in da ke tabbatar da sa hannu a takardu, a can Jamus, ka tambayi ofishin jakadancinku irin tambarin da ake buƙata.

Maganar komawa shekara guda, ka cire ta. In ba fasfon Jamus ka karɓa ba, sashe na 51 na dokar zama ta Jamus ya ce galibin takardun zama suna mutuwa idan ka wuce wata 6 a waje, sai dai in ofishin baƙi ya ba ka ƙarin wa'adi kafin ka fita. Akwai sassauci ga mai takardar dindindin da ya shekara 15 a ƙasar, kai kuwa 9 gare ka. Zuwa biyu na mako uku-uku, ɗaya ranar fitar da harsashi ɗaya lokacin rufi, ya wadatar.

Shi kuma ɗan kwangilar, kashi 70 kafin a haƙa rami ba tsarin gini ba ne. Hotunan da ya turo maka, kwamfuta tana zana irinsu cikin awa guda. Ka ce ya nuna gida biyu da ya gina da tubalin ƙasa waɗanda suka ga damina uku, ka aika wanda ka yarda da shi ya gana da masu gidan ba tare da shi ba. Na ga wanda aka yi wata takwas ana turo masa bidiyon ginin wani, da wanda aka liƙa wa tsofaffin batira sabuwar takarda. Biya ya zama mataki-mataki: harsashi, linta, rufi, ƙofofi da tagogi, kowanne bayan an duba. Ka riƙe kashi 5 zuwa 10 har damina ta farko ta wuce. Mai duba aikin ya zama injiniya ko mai zanen gini da kai kake biya kai tsaye, wanda ba ya cin ko kwabo a hannun ɗan kwangila.

Yanzu ga maganar kunya. Ka gaya wa 'yan'uwanka labarin Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso, wanda ya yi karatun zanen gini a Berlin. Makarantar firamaren da ya gina wa ƙauyensu a 2001 da tubalin ƙasa ce ta fito da sunansa, a 2022 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda babu kamarta a wannan fanni. A Dandaji ta Nijar, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun kammala sabon masallaci da irin wannan tubali a 2018. Abin da 'yan'uwanka suke tsoro shi ne bangon da ke zubewa kowace damina, kuma tsoronsu yana da tushe. Sai ka nuna musu cewa wannan wani abu ne daban.

Tubalin da nake nufi na'ura ce ke matse shi, akwai mai aiki da hannu. Ana cire ƙasar sama mai saiwoyi, a haƙo ta ƙasa, a tankaɗe. Kafin a buga ko guda, a gwada: a zuba ƙasar sulusin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye kwana guda. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a sama. Ana son yashin ya wuce rabi, lakar kuma kashi 10 zuwa 20 cikin 100. In laka ta yi yawa tubalin zai tsage, sai a ƙara yashi. Baƙar ƙasar fadama mai darewa da rani ba ta yi ko kaɗan. Siminti kashi 5 zuwa 8 ake sawa, wato awo 1 ga awo 12 zuwa 18 na ƙasa, da ruwa kaɗan, yadda in ka dunƙule a hannu zai riƙe amma ba zai jiƙa tafinka ba. Inda aka fi cutar masu gida shi ne wajen jiran tubalin ya nuna. Kwana 28 yake buƙata a lulluɓe da leda ana yayyafa masa ruwa. Magini mai gaggawa zai shanya shi a rana kamar tubalin gargajiya, simintin bai kama ba, kuɗinsa ya tafi a banza. Gwajin yana da sauƙi: a jefa tubali biyar a ruwa su kwana. Wanda ya narke ko gefensa ya marmashe, a ƙi karɓar wannan bugun gaba ɗaya.

Ruwa ne abokin gabar bangon ƙasa, ta sama da ta ƙasa. Harsashi ya zama na dutse ko kankare, ya taso santimita 40 daga ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri a kansa kafin layin farko na tubali don danshi kada ya hau. Bakin rufi ya fito santimita 80 zuwa mita 1. Kaurin bangon waje ya kai santimita 30, domin kaurin ne ke riƙe zafin rana har dare. Kada ka yarda a yi masa filasta mai siminti da yawa: danshi yana maƙalewa a bayanta, bayan shekara biyu ta ɓamɓare faifai-faifai. A bar tubalin a fili, ko a yi yaɓe mai farar ƙasa. Katakon rufi a shafe shi da maganin gara, kada ko ɗaya ya taɓa ƙasa.

Sanyin gida daga zane yake farawa. Tsawon ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, tagogi su kalli arewa da kudu. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar, can za a sa sito da banɗaki, ba ɗakin kwana ba. Kowane ɗaki ya samu taga a bango biyu masu fuskantar juna, da 'yan kafofi can sama kusa da silin inda zafi ke taruwa. Kwanon rufi ya zama fari, a ɗaga shi kamar rabin mita sama da silin, a bar gefe a buɗe da raga, iska ta riƙa ratsawa tana kwashe zafin. Manyan gilasan nan na cikin hotuna tanda suke mayar da ɗaki.

Zaman mutum 20 kuwa ba ya lafiya sai kowa yana da ƙofar da zai rufe. Kada a yi dogon gini mai banɗaki ɗaya. A yi sashe huɗu kewaye da tsakar gida, kowanne da ƙofarsa, banɗakinsa da ɗan wurin girkinsa. Abin da za a haɗa shi ne ruwa, wurin wanki, babban kicin, sito da inuwar zama. Ɗakin Hajiya mahaifiyarku ya zama babu matakala, faɗin ƙofarsa santimita 90 yadda keken marasa lafiya zai shiga in buƙata ta zo, banɗaki a ciki da ƙarfen dafawa. Bene kuwa a ƙauyen da fili yake a wadace, kashe kuɗi ne kawai.

Lissafin ruwa ka yi shi da kanka. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, ka cire kashi 20 na asara. Rufi mai murabba'in mita 200 a wurin da ake samun milimita 800 zai ba da lita 128,000 a shekara. Mutum 20 a kan lita 50 kowanne lita 1,000 ce a rana, ka ga ruwan sama na wata huɗu ne da 'yan kwanaki, ko da kana da inda za ka tara shi duka. To, rijiyar burtsatse ba makawa, tankin ruwan sama taimako ne ga wanki da lambu. A sa bututun da zai zubar da ruwan farko mai ƙura da kashin tsuntsaye, a rufe bakin tanki da raga saboda sauro. Tsakanin rijiya da sokawe a bar aƙalla mita 30, sokawen a ɓangaren gangare.

Sola ma haka. Fitilu, fankoki, firji ɗaya mai kyau da cajin waya za su iya kaiwa kilowat-awa 6 a rana. Da awa 5 na rana mai ƙarfi, in an cire asarar zafi da ƙura, faifan kilowat 1.6 zuwa 2 ake buƙata. Batirin lithiyam yana jure a sauke shi kashi 80, na dalma kuwa in ana wuce rabi ba ya daɗewa. Ɗakin batir ya zama mai iska, ba ƙarƙashin kwano ba. Famfon rijiya a ba shi faifansa daban, ya cika tanki da rana ba tare da batir ba. Kowane sashe kuma a sa masa mita da abin yanke wuta nasa, domin ranar da wani ya jona dutsen guga da dare gidan ya yi duhu, za a san inda za a duba ba tare da zargi ba. In aka tallata maka gas na kashin shanu, ka tambaya ko akwai shanun da ke kwana a gidan duk shekara. In babu, ka wuce.

Saura 'yan'uwa. Masu kiran nan ba su san ƙarfe nawa kake tashi cikin sanyin hunturu ba, kuma bashin banki sunanka kaɗai zai ɗauka. Wanda bai sa ko sisi ba, ba shi da hurumin sa maka ranar biya, kuma ba daidai ba ne a mayar da zumunci bulalar karɓar kuɗi. Haƙƙin Hajiya a kanka shi ne wurin kwana mai kyau da kula, ba ginin da za a nuna wa baƙi ba. Sai dai kada ka zargi yayanka da abin da ba ka gani ba. Mai yiwuwa shi ma hotunan ne suka ruɗe shi. Ka ba shi girmansa da aiki bayyananne, kamar tsare kayan gini da rubuta abin da ya shigo, har da ɗan alawus, amma kuɗin aiki su bi ta asusu daban da ke fitar da rasit.

Wannan makon ka kira shi, ka ce ka amince za a yi gidan, kuma kuɗin farko da za ka turo na safiyo ne da lauya. In takardu sun kammala, a haƙa rijiya, a dasa itatuwan inuwa ta yamma, mita 6 nesa da inda bango zai tsaya, a fara buga tubali da rani. Sashen da ɗakin Hajiya yake za a fara ginawa, a bar shi ya ga damina ɗaya kafin a fitar da harsashin na biyu.