Wane Zaren Fatsa Zan Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Daga Aboabo nake, a nan Kumasi. Ran Asabar nakan je fatsa bakin kogi, abin da na fi kamawa tarwaɗa ne da karfasa. A kasuwar Kejetia mai shago ya nuna mini zare iri uku: nailan, da wani saƙaƙƙe, da wani mai tsada da ya ce kifi ba ya ganinsa. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Ɗauki nailan, canjin da ya rage ka ƙara ƙugiyoyi masu kyau.

Kakanninmu da zaren auduga da na rama suka yi su, a cinya ake murza shi. Turawa kuma izgar doki suke tufkewa, daga baya suka koma siliki. Duk wahalarsu ɗaya: in aka dawo daga ruwa sai an shanya zaren, in ba haka ba ya ruɓe. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya ƙirƙiro nailan a 1935, ya fara sayar da zaren fatsa na nailan a 1939. Na farkon yana da tauri, yana cukurkuɗewa, masunta ba su karɓe shi hannu biyu ba sai ƙarshen shekarun 1950, da aka fito da mai laushi.

Abin da ya sa nake son sa gare ka shi ne yana miƙewa. Tarwaɗa ba ta ja da sauƙi. Fizga take yi, ta nufi ƙarƙashin saiwa. Nailan sai ya ɗan ba da kai kamar roba, ƙugiya ba ta yage bakin kifin ba, ƙulli kuma ya riƙe.

Saƙaƙƙen nan da wasu zaruruwan roba masu suna Dyneema ko Spectra ake yin sa, ya bazu ne a farkon shekarun 1990. Siriri ne, ga ƙarfin tsiya, amma kusan ba ya miƙewa ko kaɗan. In da hannu kake ja, ba da sanda mai gare-gare ba, ka nisance shi. Na ga yatsan da ya yanka kamar reza, kifin ma bai kai kilo uku ba.

Na ukun shi ne fulorokabon. Kamfanin Kureha na Japan ya fito da shi a 1971 da sunan Seaguar. Mai shago bai yi ƙarya ba: haske na ratsa shi kusan yadda yake ratsa ruwa, yana nutsewa, ba ya shan ruwa. Sai dai wannan a ruwa garau yake da amfani. Kogunanmu da galamse, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ya mayar kamar koko, wane kifi ne yake ganin zare a ciki? In ka matsu, sayi kamu biyu ka ɗaura daga bakin ƙugiya.

Tambaya: Baba, nailan ɗin da na saya bara yana tsinkewa da an ɗan ja shi. Jabu aka ba ni? Daga Asawase.

Amsa: Wataƙila ba jabu ba ne, ɗana. Rana ce abokiyar gabar nailan, tana cinye ƙarfinsa. Ja shi tsakanin yatsu biyu: in ka ji kaushi, ko ka ga ya yi fari-fari, ya gama aiki. Kada ka sayi wanda aka rataye a ƙofar shago, ka ce a ɗauko maka na cikin kwali. Tsohon kuma ka yanka shi guntu-guntu ka zuba a shara, domin in ka bar shi bakin ruwa zai daɗe yana sarƙe ƙafar tsuntsaye da awaki.