Tambayi Kawu: Zan bar Jidda in koma noman riɗi a Gadarif

Tambaya: Assalamu alaikum, Kawu. Ni direba ne a Jidda, na ɗan tara abin da ya sawwaƙa, kuma kuɗin iƙama ya ishe ni. Ina so in koma garin mahaifina da ke kudu da Gadarif, a gabashin Sudan, in kama noman riɗi. Anya ƙauye zai riƙe ni kuwa? Daga ɗanka a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Zai riƙe ka, muddin ba ka zuba kuɗinka kaf a sayen gona ba. Nan ne yawancin masu dawowa daga Saudiyya suke tuntuɓe.

Garuruwanmu na gabas sau ɗaya suke ganin kuɗi a shekara. A shuka riɗi a Yuli, a yanke shi wajen Oktoba, dawa ta biyo baya da sanyi. Tsakanin nan kuwa baƙar lakar yankin tana rufe hanya, lori ba ta shiga, sai tarakta. Sukari da mai su yi tsada, rumbu ya yi ƙasa, ga ciyawa ta taso tana neman a biya masu nome ta.

A wannan lokaci ne mai kanti yake zama sarki. Ana ce wa abin "shel": ya ba ka kuɗi ko kayan masarufi a Agusta, ka biya shi da buhuna in kaka ta yi, bisa farashin da shi ya yanka. Na sha zama a rumfar kasuwa ina kallon manomi ya kawo riɗinsa a keken jaki, ana sauke buhu mai kanti yana soke suna a littafi, mutumin ya koma gida da igiyar ɗauri kawai. Ba lalaci ya jawo masa ba, rashin kuɗi a hannu ne a watan da ya fi buƙatarsu.

Shi kuma riɗi ba ya jira. Da ya nuna, kwanaki kaɗan gare ka, in ka yi sake kwanson ya tsage ya zube ƙasa. Kowa neman 'yan ƙwadago yake a mako guda, har da masu tsallakowa daga Habasha ta Gallabat, kuma mai biya nan take suke bi. Haka tarakta. Tun shekarun 1940 aka fara noman inji a yankin, kuma har gobe sai an gama wa mai fadan dubu (fadan ma'aunin gona ne, kusan eka ɗaya) kafin a waiwayi mai fadan goma.

Saboda haka shekarar farko karɓi haya, kada ka saya. Duba ko ƙuduji, wanda Larabawa ke kira buda, ya cinye gonar. Bar kuɗinka a riyal kana canzawa kaɗan-kaɗan, domin tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 fam ɗin Sudan faɗuwa yake ta yi. Ranar da za ka saya kuma, a yi takarda da shaidu. Kakanninmu sun daɗe a nan, tun ayarin mahajjata da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar, amma rikicin Hausawa da wasu ƙabilu a jihar Bulu Nayil a 2022 ya nuna maganar mallakar fili ba ta kwanta ba.

Zaman garin kansa zai yi maka daɗi: Hausa a gida, Larabci a kasuwa, agashe da godogodo da yamma, gayya kuma tana nan da sunan nafir. Sai dai ka sani, wanda ya dawo daga Jidda kowa ɗauka yake da buhun kuɗi ya zo, 'yan rance za su riga ka isa ƙofar gida.

Je ka da rani kafin ka ajiye aiki, ka zauna da baffanninka, ka tambaye su ko hafirin garin, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, yana kai ruwa har faɗuwar damina, da nawa ake sayar da ganga a watan Mayu.